Ni ma wannan "anyways" ɗin ta taɓa sa ni kuka

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, wai malaminki ya zagaye miki "anyways" da jan biro a asamen bai ce komai ba, kina son sanin ma'anarta da kuma ko kuskure ce. Ke ki ma gode Allah a takarda ya tsaya, ni a bainar jama'a aka yi min.

Ranar difens ɗin furojet ɗinmu ne, wato ranar da ɗalibi ke kare aikin bincikensa a gaban malamai, aji ya cika maƙil ga zafi ba wuta, na kwana uku ban yi barcin kirki ba ina bita. Wani malami, ba ma shi ne mai duba aikina ba, ya buɗe babi na huɗu ya ga na fara sakin layi da "Anyways", sai ya cire tabarau ya ɗaga takardar sama ya karanta kalmar har sau uku yana jan s ɗin ƙarshe, ya ce ke nan wajen hira ne da saurayinki a WhatsApp? Aji ya kwashe da dariya. Bai ƙyale ni ba fa, sai da ya tambaye ni wace sakandare na yi, da na faɗa ya ce ai dama ya sani, daga ganin rubutun an san ta gwamnati ce. Watannin da na yi ina bin mutane gida gida da takardar tambayoyi ko shafi ɗaya bai tambaye ni a kai ba. Hannuna na rawa na riƙe bakin hijabina, abin da na haddace duk ya gudu, ina fita na wuce masallacin mata na yi kuka mai isata. Har yau in na tuna muryarsa sai raina ya ɓaci, da ya kira ni gefe ya gyara min me zai ragu a jikinsa?

To ma'anarta dai, "anyway" kamar mu ce "koma dai mene ne" ko "ala kulli halin". Kina ba da labari kin yi nisa kin bar hanya, sai ki ce anyway ki dawo kan maganarki. Haka in kina son katse hira a waya, "anyway, I have to go", kamar yadda muke cewa to bari in je. In kuma ta zo ƙarshen jimla sai ta koma "duk da haka", misali "it was raining but we went anyway", ana ruwa amma duk da haka muka tafi. Wani lokacin kuma "dama can" take nufi, "I didn't want it anyway", dama can ba na so.

Dan Allah ki kiyayi "thanks anyway", wanda ya yi ƙoƙari abin bai yiwu ba shi ake faɗa wa. Ƙawata ta tura wa wanda ya gama yi mata hanyar aiki, bawan Allah ya ɗauka raina ƙoƙarinsa ta yi, da kyar aka shawo kansa.

Ita kuma mai s ɗin, daga baya da na bincika na gano ba ƙirƙirar 'yan chatin ba ce, ƙamus ɗin Merriam-Webster ya nuna tun ƙarni na 13 take cikin Turanci, kuma s ɗin irin na "always" da "besides" ne. An fi jin ta a bakin mutanen Amurka da Kanada, ni a finafinansu na tsince ta ban san ta hira ce kawai ba. Shi malamin nan da ya wulaƙanta ni bai min wannan bayanin ba, cewa ya yi babu ita a Turanci sam. Amma fa gaskiya a asamen ko furojet ko takardar neman aiki ko WAEC kar ki sa ta, ko marar s ɗin ma ki rage. In duk da haka kike nufi ki sa "nevertheless" ko "however", in ala kulli halin ne ki sa "in any case", sau da yawa ma in kin goge ta jimlar ba ta rasa komai.

Sannan kar ki haɗa ta da "any way" da ake rabawa biyu, wannan ko wace hanya ke nan. Ga kuma "anyhow", a wajen Bature tana iya zama daidai da anyway, amma mu nan Najeriya an fi jin ta da ma'anar sakaka, ka yi abu yadda ka ga dama, shi ya sa nake gudunta a rubutu.

Ki daure ki je ofishin malamin naki da wata ƙawarki ki tambaye shi cikin ladabi, tunda bai tozarta ki a gaban aji ba ina kyautata masa zato. In kuma kina jin nauyi ki turo min sakin layin ta akwatina yau da daddare in na kwantar da yara mu gyara tare.