Kafin Ka Kai Maƙwabcinka Wurin 'Yan Sanda

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ke tambaya ko ka kai maƙwabcinka ƙara saboda injinsa da ke kwana yana ruri a gindin tagarka, ga majalisar ƙofar gidansa da ba ta tashi sai ƙarfe ɗayan dare: dakata tukuna. Ni na kai nawa, kuma na yi da-na-sani.

A 2022 na kama haya a wata unguwa cikin Kano. Alhajin da muke katanga ɗaya ya girke janaretansa a lungun da ya raba mu, bakin salansar na kallon ɗakin da yarana ke kwana. Muna cikin wannan sai kakar zaɓe ta kankama, shagon ƙofar gidansa ya koma ofishin jam'iyya. Daga la'asar lasifika ce da waƙoƙin siyasa, bayan isha'i kuma a dasa shayi a hau musun Rasha da Ukraine. Mutanen da suka kasa haɗa kuɗin yashe kwatar layinmu, su ne ke tsara wa Putin inda zai tura tankokinsa. Wallahi har sunayen garuruwan Ukraine na haddace ina kwance a gadona.

Wata rana ƙaramar 'yata ta kwana tana tari, na fita cikin dare rai a ɓace na yi masa magana gaban yaransa na siyasa. A nan na ɓata rawata da tsalle. Babban mutum ba ya janyewa a gaban mabiyansa, ko da ya san kai ne da gaskiya. Kafin gari ya waye an ce ɗan adawa ne aka turo ya rufe musu ofis. Na ƙara da kai ƙara. Aka kira mu, wayar wani kansila ta shigo, aka ce mu je gida mu sasanta. Abin da na samu kawai shi ne matanmu suka daina gaisawa, ko cikin azumi ba a miƙo kwano ba.

Limamin masallacinmu ne ya gyara. Ya ɗauki mai unguwa suka sami Alhajin bayan sallar asuba, babu kowa, suka fara da tuna masa hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci. Kuma ba su ce ya daina kunna inji ba, don wannan ba mai yiwuwa ba ne ga wanda firijinsa ke cike da ƙanƙarar sayarwa. Abu biyu suka roƙa: a mayar da shi ɗaya ɓangaren gidan, a kashe ƙarfe sha ɗaya. Ni na biya rabin kuɗin mai walda da na ƙarin waya, kuma wannan rabin ya fi duk maganganun da na yi tasiri.

Lasifikar dai ba wanda ya iya da ita. Sai da aka yi zaɓen gwamnoni ranar 18 ga Maris 2023, ɗan takararsa na majalisar jiha ya sha ƙasa, sannan ta yi shiru da kanta. Injin kuwa Tinubu ne ya ƙarasa shi. Ranar 29 ga Mayu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Alhaji ya koma kunna awa biyu, daga baya ya kafa sola. Ban ji daɗi ba, don ni ma babur ɗina ya koma jingine.

Majalisa tana nan. Da sojoji suka kifar da Bazoum a Yulin 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, sun kwana biyu ba su rufa baki ba, daga nan suka wuce Gaza. Yanzu nakan zauna in sha kofi ɗaya, idan ƙarfe sha ɗaya ta yi ni da kaina nake cewa a rage murya, kuma ana ragewa.

Abu ɗaya ne ba zan ce ka yi haƙuri da shi ba: hayaƙin. Yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. In salansar na kallon tagarka, ka kwashe yara daga ɗakin nan yau ɗin nan, gobe da asuba ka sami liman. Ka kuma yi maza tun kafin guguwar 2027 ta taso, don da zarar an kafa tuta a ƙofar gidan, duk abin da ka faɗa siyasa za a ce.