Baba ya shiga gwajin sabon maganin tabon huhu, ko ya dawo gida ya ci gaba da wanda "ya karɓe shi"?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekararsa 69, yana zaune a wurina a Ingila. Shekara biyu ke nan da aka tabbatar yana da ciwon tabon huhu da ake kira IPF. Yana shan nintedanib, amma awon numfashinsa sai ƙasa yake yi. Yanzu asibitinsa sun ce ya cancanci shiga gwajin wani sabon magani, mataki na uku, na shekara guda, kuma sun faɗa mana ƙarara cewa mai yiwuwa ƙwayar da za ta faɗo kansa babu magani a cikinta. Ga wata kuma: da ya je gida bikin ƙanwata, Kawu ya kai shi wurin wani mai kyamis aka ɗora shi kan prednisolone, ƙwaya shida kullum, yau wata biyu. Wallahi ya ji daɗi, yana cin abinci, har fuskarsa ta ciko. Kawu ya ce kada mu bari Turawa su mai da shi zakaran gwajin dafi kamar yaran Kano na 1996, ya dawo gida ya ci gaba da maganin da ya karɓe shi. Ban gaya wa likitocinsa zancen prednisolone ɗin ba. Na kasa barci. Ya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alherin ɗawainiyar da kike yi.

Kin rubuto ne saboda tsoron gwaji, amma ni abin da ya tsinka min zuciya a wasiƙarki shi ne ƙwaya shidan nan. Idan ta miligiram biyar ce, Baba yana shan miligiram 30 ke nan a rana tsawon wata biyu, likitocinsa ba su sani ba. Gobe da safe ki kira nas ɗin da ke kula da masu ciwon huhu a asibitinsa ki faɗa mata komai, har da kwalin. Kuma don Allah kada ki tsayar da ita dare ɗaya. Wata biyu ya isa ya sa jikinsa ya rage ƙera nasa sinadarin mai aiki irin na wannan ƙwaya, in aka yanke farat ɗaya jininsa na iya faɗuwa ya sume. Janye ta ake yi a hankali, a hannun likita.

Maganar Kano ba zan raina ta ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba balle a nemi yardarsu. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka Kawu yana da hujjar tsoro. Sai dai ki duba abin da ke hannunki: an zaunar da ku, an ba ku takarda, an gaya muku abin da ba za ku so ji ba, wato zancen ƙwayar da ba magani a ciki. Abin da iyayen Kano suka ce ba a yi musu ba ke nan. Baba yana da ikon ƙin shiga, yana da ikon fita duk ranar da ya ga dama, kuma kulawar da ake ba shi ba za ta ragu ba.

Ita ƙwayar holoƙon, wadda ake kira filasibo, ba tana nufin a bar shi haka nan ba. A manyan gwaje-gwajen wannan ciwo na yanzu, yawanci mutum yana ci gaba da nintedanib ko pirfenidone ɗinsa, sai a ƙara sabuwar ƙwaya a kai. In holoƙo ya samu, yana nan inda yake yau, sai ƙarin sa ido da yawan awo. Ki tabbatar da haka a rubuce kafin ya sa hannu.

To, mu koma kan "ya karɓe shi". Babu kalmar da nake ji a ɗakin duba marasa lafiya da ke ɓata min rai kamar wannan, kuma kusan kullum sai na ji ta.

Prednisolone tana sa mutane da yawa su ji daɗi. Ki ba mai cikakkiyar lafiya, zai ci tuwo malmala biyu, ya ji ƙarfi, ya yi ta hira har tsakar dare. Danginta ce ƙwayar da 'yan mata ke sha don ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe. Cikowar fuskar Baba da kika gani aikin maganin ne, ruwa da kitse suka taru. Ba ta ce komai ba game da huhunsa. Wannan magani kumburi yake kwantarwa, shi ya sa yake aiki a asma. IPF kuwa tabo ne. Naman huhu mai laushi ne ya koma kamar saƙar zuma, ya yi tauri, kuma babu wanda ya taɓa shafe tabon ƙuna da maganin kumburi.

Kada ki ɗauka mai kyamis kaɗai nake zargi. Mu likitoci mu muka fara wannan kuskure, muka daɗe a kansa. Shekara da shekaru ana ba masu IPF prednisone, ɗan'uwan prednisolone, haɗe da azathioprine, daga baya aka ƙara acetylcysteine, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin huhu na Amurka da Turai sun sa irin wannan haɗi cikin shawararsu ta shekarar 2000. Farfesoshi suna rubutawa, majinyata suna cewa sun ji sauƙi, kowa hankalinsa kwance. Ba wanda ya taɓa gwada haɗin nan da holoƙo na gaskiya, domin ana ganin rashin imani ne a hana mutum maganin da "kowa ya san" yana aiki. Sai da cibiyar binciken zuciya da huhu ta gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani gwaji mai suna PANTHER. A watan Oktoba na 2011 kwamitin sa ido ya leƙa alƙaluman, ya ce a tsayar da ɓangaren haɗin nan take. Cikin mutum 77 da ke shan magungunan uku, takwas sun rasu, 23 an kwantar da su. Cikin 78 da ke shan holoƙo, mutum ɗaya ya rasu, bakwai aka kwantar. Ki sake karanta wannan a hankali. Waɗanda aka "hana magani" su ne suka tsira. Da ba a sami mutanen da suka yarda su haɗiyi ƙwayar da ba komai a cikinta ba, da har yau muna rubuta wa iyayen mutane wannan haɗi muna karɓar godiya.

Wani zai ce ai wancan haɗi ne na uku, Baba guda ɗaya yake sha. Haka ne, amma ita kaɗai ɗin ma ba a taɓa nuna tana rage gudun ciwon ba, kuma ƙa'idojin duniya sun hana amfani da ita a matsayin maganin yau da kullum na IPF. Illarta kuwa ba a ɓoye take ba.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Ya shigo da 'ya'yansa biyu, fuska tamtsan-tamtsan, yana murmushi, babban ɗan yana ce min ai Alhaji ya murmure tun da aka canza masa magani. Ya zaro wata farar ambulan ta kyamis daga aljihun gaban riga, ba suna a jiki, sai zane uku da biro. Na ce Alhaji ya tashi daga kujera ba tare da ya dafa ba, ya kasa. Na tambaye shi salla, ya ce wata guda ke nan a zaune yake yi, domin in ya yi sujada cinyoyinsa ba sa ɗaga shi. Muka auna sukari, ya yi sama sosai, shi da bai taɓa ciwon sukari ba. Na maƙala masa na'urar awon oksijin a yatsa muka yi tafiya a baranda, kafin mu kai ƙarshenta ya tsaya ya dafa bango. Huhun yana nan yadda yake ko ma ya ƙara lalacewa, an kuma cinye masa naman cinyar da yake dogaro da shi. Duk da haka sai da na yi kusan rabin awa ina jayayya da ɗan, shi a dole fuskar mahaifinsa ta fi kyau.

Ga Baba akwai ƙarin haɗari. Duk wanda ya girma a Najeriya akwai yiwuwar ƙwayar tarin tibi tana kwance a jikinsa, garkuwar jiki ta danne ta. Wannan magani garkuwar yake raunanawa. Tibi a kan huhun da ya riga ya zama tabo, ba na yi wa maƙiyina fatan sa. Ki roƙi a bincika masa wannan, da sukari, da hawan jini. Ki kuma sani yawancin gwaje-gwaje suna da iyakar adadin prednisolone da mutum zai iya sha ya shiga, kuma in an ɓoye ana iya ganewa, ko a awon jini ko a fuskarsa.

Don kada a juya min magana: ban ce maganin ba shi da gurbi ba. In ciwon ya taso gadan-gadan aka kwantar da mutum, likitoci kan ba da shi na ɗan lokaci. Akwai kuma wasu cututtukan da ke kama da IPF a hoto, kamar wanda ƙurar tantabaru ko ta ruɓaɓɓen hatsi ke jawowa, da wanda ke biyo bayan ciwon gaɓoɓi, waɗanda a cikinsu yakan yi amfani. Rarrabe su aikin taron likitocin huhu ne da masu karanta hoto. Mai kyamis kuwa, wanda bai ga hoton ƙirjin Baba ba, bai sa abin sauraro a bayansa ba, shi ne ya yanke hukunci cikin minti biyu ya karɓi kuɗinsa. Kuma dokar da ta ce sai da takardar likita tana nan a rubuce, masu aiwatar da ita ne ban san inda suka shiga ba.

Shi kansa gwajin, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Ba ki faɗi sunan maganin ba, amma tarihin wannan fage cike yake da magungunan da aka yi wa shela suka faɗi. An dakatar da gwajin ziritaxestat a 2021, pamrevlumab ya gaza a 2023, an tsayar da na bexotegrast a farkon 2025 saboda alamun cutarwa. Kwamitocin sa ido masu zaman kansu su ne ke busa usur idan abu ya karkace, shi ya sa nake so ki tambaya ko wannan gwajin yana da nasa. Waɗanda suka yi nasara ma ba warkarwa suke yi ba. Nintedanib da pirfenidone, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2014, gudun ciwon suke ragewa. A ɗaya daga gwaje-gwajen nintedanib, masu shan sa sun yi asarar kimanin mililita 115 na iskar da huhu ke iya hurarwa a shekara, masu holoƙo kimanin 240. Na baya-bayan nan, nerandomilast, an gwada shi kan mutum 1,177, akasarinsu suna kan tsohon maganinsu, kuma bambancinsa da holoƙo bai kai mililita 70 ba a mako 52, ƙasa da rabin kofin shayi. An amince da shi a Amurka a Oktoban 2025. Ki tambayi likitansa ko akwai hanyar samun sa, da kuma ko shiga gwajin zai hana shi shan sa in ya samu. Ki lura da wani abu: ba ɗaya cikin waɗannan da ke sa mutum ya ji ya "karɓe shi". Nintedanib gudawa yake sa wa kusan shida cikin goma na masu shan sa, alhali shi ne ke kare huhun. Awon numfashi ne kaɗai ke nuna aikinsa.

Idan kun je ganawar, ki nemi lambar rajistar gwajin ki duba ta da kanki a intanet. Ki ji kashi nawa ne ke samun holoƙo, sau nawa za a riƙa zuwa, wa za ki kira da tsakar dare, da ko za a ba kowa maganin na gaskiya bayan shekarar ta cika, kamar yadda ake yi a wasu gwaje-gwajen. Gudawa ta fi komai damuna, tunda yana kan nintedanib, don haka ki tambayi illar sabon a ciki da hanta. In Turancin likitoci yana yi wa Baba nauyi, ku nemi tafinta. Shi zai sa hannu, ba ke ba, ba Kawu ba. Kuma gwaji na gaskiya ba ya karɓar ko kwabo. Duk wanda ya turo miki bidiyon wani asibiti a ƙasar waje da ke "sabunta huhu" da allurar ƙwayoyin halitta kan dubban daloli, ki goge.

Ra'ayina, in an janye prednisolone lafiya, aka tabbatar ba tibi, aka kuma bar shi kan nintedanib, ni zan ƙarfafa masa gwiwa ya shiga. Kada jiran gwajin ya sa ku bar atisayen numfashi, da rigakafin mura da na nimoniya, da awon ko yana buƙatar oksijin lokacin tafiya. Kawu kuma kada ki yi faɗa da shi, ƙaunar ɗan'uwansa ce ta kai shi kyamis. Ki karanta masa alƙaluman nan na 2011 a waya, takwas da ɗaya, sannan ki tambaye shi ko shi ma yana shan ƙwayar don ciwon gwiwa. In ya yi shiru, ki ce ya je a auna masa sukari.