Yadda za a sabunta fasalin sabulun salo ya fita daban a kasuwa

Tambaya: Ina haɗa sabulun salo a gida ina kai wa masu shaguna, amma idan aka jera shi a kanta babu mai iya bambanta nawa da na sauran masu sana'ar, domin duk baƙin dunƙule ne a cikin farar leda. Shin leda da suna zan canza, ko kuwa sabulun kansa zan taɓa?

Amsa: Malama, shawarata ita ce ki fara da sabulun kansa kafin ki kashe ko sisi a kan leda, domin a banɗaki mai saye yake yanke hukuncin dawowa, kwana uku bayan ya ɓare shi. Babban koken masu amfani da sabulun salo shi ne yana jan danshi, ya yi laushi, ya narke a gindin kwandon soso tun bai kai rabi ba, sannan tokar da ba a tace sosai ba takan karce fata. Saboda haka ki tace ruwan tokarki da kyau, ki daina mulmulawa da hannu, ki riƙa danna shi a mazubi guda domin kowane ya fito da girma ɗaya, kuma ki bar shi ya sha iska a inuwa har ya yi tauri kafin ki naɗe.

Siffa ma tana da aikinta. Sabulun da aka ɗan lanƙwasa cikinsa yana zama daidai a tafin hannu, kuma gefensa kaɗai ke taɓa inda aka ajiye shi, ruwa ya tsane ta ƙasa. Sabulun Dove, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1957, da irin wannan lanƙwasa aka san shi, har mutum kan gane shi ko babu kwalinsa. A nan gida kuwa, masu Dudu-Osun na Legas sabulun gargajiya suka ɗauka suka daidaita masa siffa, suka sa shi a kwali.

Bayan haka sai a zo batun suna. Ki buga tambarinki a jikin sabulun tun yana da ɗan laushi, tunda leda ana yage ta a yar a ranar farko. A kan kwalin ki rubuta nauyi, kayan haɗi da ranar da aka yi shi, ki kuma nemi lambar rajistar NAFDAC, wadda manyan kantuna kan tambaya kafin su karɓi kaya.