Harbin kunama: yaushe ne ya wuce a yi jinya a gida?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Kwanaki kunama ta harbi maigidana a yatsa, ya kwana yana juyi don azaba, gari na wayewa ya fita harkarsa. Sai kuma na ji labarin wani yaro ɗan shekara huɗu da ta harba da daddare, kafin asuba rai ya yi halinsa. Ina da yara ƙanana, hankalina ya tashi. Me ya kawo wannan bambanci, kuma me zan yi in ta harbi ɗayansu?

AMSA: Malama, Allah ya ƙara wa maigida lafiya, yaron kuma Allah ya sa mai ceto ne.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba da tsananin raɗaɗi ake auna haɗarin harbin kunama ba. Mafi yawan waɗanda ta harba, dafin a wurin yake tsayawa: zogi, zafi kamar wuta, wurin ya yi kamar ya mutu, cikin kwana ɗaya ko biyu ya lafa. Irin na maigida ke nan. Wanda ke kisa shi ne dafin da ya bi jini ya taɓa jijiyoyin da ke sarrafa zuciya da numfashi.

Dafin kunamai masu haɗari yana buɗe ƙananan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke bi ya shiga jijiya, ya hana su rufuwa. Jijiyar sai ta dinga aika saƙo babu tsayawa, jiki ya kwararo sinadaran firgici irin su adirenalin fiye da ƙima. Da farko za ki ga gumi sharkaf, miyau na dalala, amai, idan namiji ne gabansa kan miƙe ya ƙi kwanciya. Daga nan zuciya ta kama gudu, jini ya hau, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi. Idan aka bar shi, tsokar zuciya ta gaji, ruwa ya taru a huhu, yaro ya dinga haki yana tari, wani lokaci har da kumfa ja-ja a baki. Duk wannan kan faru cikin 'yan sa'o'i. Yawan dafin da kunama ke zubawa bai san babba ko yaro ba, to abin da zai narke a jikin mai kilo 70 ya ɓace, shi ne zai fi ƙarfin mai kilo 15.

Irin kunamar ma yana da tasiri. A cikin nau'i fiye da 2,000 da aka sani, masu iya kashe mutum ba su kai 50 ba, kuma kusan dukkansu 'yan dangin Buthidae ne: Androctonus da Leiurus a Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, jar kunamar Indiya, Tityus a Burazil, Centruroides a Meziko. Galibi mai siraran hannuwa da kaurin jela ta fi mugunta. Duwu, duk girmansa da baƙinsa, harbinsa bai cika yin illa ba. Amma kada ki tsaya nazarin kunama cikin duhu yaro na kuka.

Ga abin yi. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora, ki ba shi farasitamol daidai shekarunsa, ki cire zobe ko abin hannu idan akwai. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure gaɓar tamau. Ba ɗayansu da ke fitar da dafi, sai dai su jawo gyambo da ɓata lokaci. Babba mai ƙoshin lafiya wanda zogi kawai yake ji zai iya zama a gida ana lura da shi, ko ya je a yi masa allurar kashe zafi a wurin harbin, a duba ko yana buƙatar ta tetanus. Ƙaramin yaro kuwa, a ganina, a kai shi asibiti nan take ko da ya yi shiru, a ajiye shi ana duba bugun zuciyarsa da numfashinsa na wasu sa'o'i. Haka tsoho, da mai ciwon zuciya, da mai juna biyu. Shirun yaro mai gumi da sanyin hannu ya fi ihunsa tayar mini da hankali.

A asibiti akwai abin yi sosai. Ana da allurar kashe dafi, kuma ta fi aiki idan an yi ta da wuri. Akwai kuma prazosin, maganin hawan jini ne, wanda Dakta Himmatrao Bawaskar ya fara amfani da shi ga waɗanda kunama ta harba a jihar Maharashtra ta Indiya a shekarun 1980, mace-mace suka ragu ƙwarai. Likita ne ke ba da shi yana auna hawan jini, ba a sha da ka.

Matsalar ba ƙarama ba ce a duniya. Wani nazari da masana biyu, Chippaux da Goyffon, suka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa ana samun harbi fiye da miliyan 1.2 a shekara, da mutuwa fiye da 3,250, kuma yara ne suka fi mutuwa. A Nuwamban 2021, ruwan sama mai ƙarfi ya koro kunamai daga ramukansu zuwa gidaje a Aswan ta Masar, aka kai mutum fiye da 500 asibiti. Abin da ke cin rai sau da yawa shi ne nisan asibiti da dare, da kuma a isa a tarar babu allurar.

Kunama da dare take yawo, ta fi fitowa lokacin zafi, da rana kuma ta laɓe. A kakkaɓe takalmi da tufafi da shimfiɗa kafin amfani, a janye gadon yara daga jikin bango, a soke gidan sauro ƙarƙashin katifa, a toshe tsagun bango, a kwashe tarin itace da duwatsu daga kusa da ɗaki. Kada yara su fita cikin duhu ba takalmi ba fitila. Tun yanzu kuma ki bincika wane asibiti mafi kusa ne ke karɓar gaggawa da dare kuma yake ajiye allurar kashe dafin kunama.