Me ake samu a nazarin hirar likita da mara lafiya?

Malam, ka tambaya ko wannan nazari na da amfani. Yana da shi ƙwarai. A 1984, wasu masu bincike a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi ganawa 74, suka gano likita kan katse mara lafiya bayan kimanin sakan 18 da fara bayani. Alhali abin da mutum ya fara faɗa ba lallai shi ya kawo shi ba. Gwaggona ta fara da ciwon kai, nan take aka rubuta mata magani, sai a bakin ƙofa ta raɗa min zancen ƙullutun da ke ƙirjinta. Kunya ce ta hana ta. Shi ya sa ake koya wa ɗaliban likitanci su saurara tukuna, sannan su ce, "Sai me kuma?"