Na yi arba'in, amma jikina bai dawo ba

Tambaya: Anti, wata uku ke nan da na haihu. Tun da na gama wankan jego ƙafafuna ke kumbura, in na kwanta da dare numfashina sarƙewa yake yi, sai na jera matasai uku. Maigidana ɗan adaidaita ne, kowane magani daga cinikin ranar yake fita. Akwai inshorar da ke kula da mace bayan arba'in?
Mai jego, Dorayi.

Amsa: 'Yata, gobe da sassafe ki je asibiti a duba zuciyarki, in da hali a yi miki hotonta. In numfashin ya ƙara tsanani cikin dare, kada ku jira gari ya waye. Abin da kika faɗa ya yi kama da ciwon zuciyar masu jego, wanda kan bayyana har wata biyar bayan haihuwa, kuma yankinmu na cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta shi da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. Ki ajiye kanwar, ko da Hajiyarku za ta yi faɗa.

Na taɓa karɓar wata yarinya a ɗakin gaggawa, jaririnta a bayan ƙanwarta, takardar magani a ƙulle a bakin zaninta har ta yi laushi. Sati biyu tana yawo da ita don babu kuɗi. Har yau tana cikin raina.

Batun inshora kuwa, a Kano akwai KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. In ba ma'aikatan gwamnati ba ne ku, ki je asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ki tambayi rajistar asusun kiwon lafiya na BHCPF, wanda dokar lafiya ta 2014 ta kafa don marasa ƙarfi. Ki tambaye su ƙarara: har yaushe katin zai yi miki aiki, kuma ya haɗa da tura ki babban asibiti kamar na Murtala ko na Malam Aminu Kano?

A Amurka kwana 60 kacal Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ta marasa ƙarfi, ke ɗaukar mai jego a da. Dokar 2021 ta ba jihohi damar kai shi wata 12, kuma mafi yawansu sun yi. Shekara guda cur nake roƙa wa matan Kano, domin hawan jini da ciwon zuciya da damuwar bayan haihuwa ba su san lissafin arba'in ba.

Ki tafi da katin awonki, ki rubuto min abin da likita ya ce. Allah Ya raya, Ya ba ki lafiya.