Katin da ya ƙi tashi a gefen tsohuwar ThinkPad

Ka ce ka cusa katin intanet a gefen tsohuwar ThinkPad ɗin nan mai Linux, ko fitilarsa ba ta kama ba, kana tambaya ko sai an sake harhaɗa kanel, wato zuciyar Linux ɗin, daga tushe. Tukuna, yaro. Ku yaran yanzu da abu ya ƙi sai ku ruga YouTube ku kwafo umarnin da ba ku san ma'anarsa ba. Ka ma juya katin ka dubi bakinsa?

Katin gefen laftof iri uku ne, kuma kanel ba ya yi musu kallo ɗaya. Akwai tsohon PCMCIA mai bit 16 na farkon shekarun 1990. Akwai CardBus da ya zo a 1995, bit 32, wutarsa bolt 3.3. Bakinsu duka rami 68 ne, amma CardBus yana da zirin ƙarfe ruwan zinare mai 'yan ƙusoshi a saman bakin. Na uku shi ne ExpressCard na 2003, faɗin milimita 34 ko 54. Shi ba ɗan gidansu ba ne sam, ta PCI Express ko USB yake magana. Injuna irin ThinkPad T60 suna ɗauke da ramin CardBus da na ExpressCard tare, na sha ganin yara suna neman direba, wato manhajar da ke tuƙa katin, a gidan da ba nasa ba.

Ramin kansa yana da ɗan cif mai kula da shi, galibi na Texas Instruments ko Ricoh ko O2Micro. Buga umarnin lspci, mai jero na'urorin PCI da ke cikin injin. In ka ga layin da ke cewa CardBus bridge, direbansa yenta_socket ne. A saitin kanel kana son CONFIG_PCCARD da CONFIG_YENTA, sannan CONFIG_PCMCIA domin masu bit 16, CONFIG_CARDBUS domin masu bit 32. Yadda ake buɗe menuconfig, allon zaɓen saitin kanel, da harhaɗawa ba zan ɓata yawuna a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da caja. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne CardBus na'urar PCI ce kawai da ake iya zarewa. In cif ɗin Realtek 8139 ne a cikinsa, 8139too ɗin da ke tuƙa katin babbar kwamfuta shi zai tuƙa shi. Mai bit 16 kuwa nasa direban daban, sunansa yakan ƙare da cs, kamar pcnet_cs ko 3c589_cs.

Wannan tambaya taka ta tayar mini da wani tsohon miki.

Zamanin kanel 2.4 ne, lokacin da shagunan intanet ke tashe a Kano. Wani mutum ya zo da mota mai kyau da babbar riga, ya ce ya sayo laftof na hannu daga Turai da yawa, zai buɗe wurin koyar da kwamfuta, ba ya son biyan kuɗin Windows. Injunan ba su da ramin wayar intanet a jikinsu, sai dai a sa musu kati. Ya kawo guda ɗaya ya ce in gwada, in ta yi duk sauran ni zan yi, a biya ni gaba ɗaya. Har da rantsuwa.

A wancan lokacin aikin ba wasa ba ne. Akwai manhajar pcmcia-cs ta David Hinds da ke zuwa da nasa direbobin, akwai kuma na cikin kanel, in ka haɗa su suka yi karo. Wani shiri mai suna cardmgr ke zaune yana jiran a sa kati. In ka ji ƙara biyu masu tsini, ya gane katin ya kuma saita shi. In ta farko mai tsini ce ta biyu ta yi ƙasa, ya gane shi amma saitin ya faskara. Injin mutumin nan ƙasa take yi kullum. Na bi diddigi na gano katin yana rigimar layin IRQ, wato layin da na'ura ke kiran furosesa ta kansa, da na'urar sauti. Na shiga /etc/pcmcia/config.opts na hana shi wannan layin, na gyara iyakokin da ake ba shi, na sake harhaɗa kanel. Injin Pentium ta lokacin sai ta ci sa'o'i tana harhaɗawa, ga wuta babu, man janareta daga aljihuna. Dare nawa na raba a shagon nan, Allah ne shaida. Da ƙarar nan biyu ta fito da tsini, shafi ya buɗe a gabansa, ya rungume ni ya ce gobe da safe zai turo sauran.

Goben ba ta zo ba. Ashe ya kai injin wurin wani yaro ya kwafe faifan gaba ɗaya, kanel ɗina da saitina, ya zuba a sauran. Da a nan ya tsaya da na bar shi da Allah. Amma cikin injunan akwai tsofaffi sosai waɗanda raminsu bit 16 ne zalla mai bolt 5, ya kuma sayo katunan CardBus masu araha. Masu ƙera abin nan sun yi wa gefen katin tsaga ta musamman don kada ya shiga ramin da ba nasa ba. Da ya ƙi shiga, sai suka danna da ƙarfin tsiya. Allurai suka lanƙwashe a ciki, wasu suka haɗu, allon injin ɗaya ya ƙone.

Sai ga shi da ƙonanniyar injin a hannu, yana ihu a bakin shago wai manhajar da na sa ce ta ƙona masa kaya. Injin da ban taɓa gani ba! Ya kai ni gaban shugabannin kasuwa, ya rantse ita ce wadda ya kawo mini. Iri ɗaya ce a ido, ban da takarda, ban da shaida. Na haska musu tocila cikin ramin na nuna alluran, na ce manhaja ba ta lanƙwasa ƙarfe. Dattawan nan ba su san kanel ba, sulhu suke so. Suka ce a raba asara. Na biya rabin kuɗin allon injin da ban taɓa ba, kuɗin aikina kuma ko sisi. Har yau in na tuna yadda ya gyara hularsa ya shiga mota, sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Wannan littafin da kuke gunaguni in na ce ku rubuta lambar kowace inji da lambar kati, mai kaya ya sa hannu, daga ranar ya samo asali. Kuma ba na gwajin kyauta ga kowa, ko ɗan sarki ne.

To, koma kan injinka. Tun daga kanel 2.6.13 a 2005 aka yi ritayar cardmgr, pcmciautils ya karɓi aikin, kuma kanel ɗin Debian da Ubuntu yana zuwa da yenta_socket a shirye, don haka da wuya ka buƙaci harhaɗa komai. Haska ramin da tocila ka tabbata alluran a miƙe suke. Buɗe dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, sa katin, ka karanta abin da ya faɗa. In mai bit 16 ne, pccardctl ident zai gaya maka ko wane ne shi. In CardBus ne, sake buga lspci ka ga cif ɗin da ke ciki, kada ka yarda da sunan da ke jikin kwali, kamfani ɗaya kan canza cif ya bar suna yadda yake. In an ga ramin amma katin CardBus bai bayyana ba, ƙara pci=assign-busses a layin tayar da kanel, ya sha fitar da ni kunya. Katin waya-babu mai cif ɗin Broadcom sai ka nemo masa fayil ɗin famwaya, wato manhajar da ake loda wa cif ɗin kansa, in ba haka ba direbansa b43 zai hau amma ba zai kama komai ba. ExpressCard mai magana ta PCI Express kuma direban pciehp yake so, in ba shi sai ka kunna injin da katin a ciki kafin a gan shi.

Sababbin kanel sun fara zubar da direbobin tsofaffin katunan waya-babu masu bit 16, irin su orinoco. In naka cikinsu yake, sa wa injin tsohon kanel mai dogon tallafi, ko ka gaya wa mai ita ya sayi na USB. In kuma dole sai ka harhaɗa, kada ka goge tsohon kanel daga GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa in an kunna inji. Kuma kafin ka zare katin ajiya ka sauke faifan, wato ka yi masa unmount, ka buga pccardctl eject, kada in ga ka fizge shi kamar yadda ka yi wa na jiya.